Tambari Mai Keke da Addarsa

Duk wanda ya ce maka ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, a mota ya ratsa ta yana gyangyaɗi. Ya sauka daga kwalta, ya hau keke, ya bi hanyoyin da ke tsakanin Zurmi da Gurbin Bore, in ya dawo da sauran numfashi sai mu yi magana. Tudu ne bayan tudu, duwatsu da kwazazzabai, ga rairayi kwance a gindin kowane gangare yana jiran taya. Sunana Sirajo. Faci nake yi a gindin tsamiyar Tungar Audu tun ina saurayi, kuma babu keken da ya bi tuddan nan bai zo hannuna ba. Na ga mahaya iri-iri, amma ban ga kamar Tambari ba. Labarinsa zan bayar, kuma ina gaya maka tun yanzu, ba na iya ba da shi raina a kwance.

Tambari dogo ne siriri, ƙafafunsa duk jijiya, magana ba ta dame shi ba. Kekensa baƙi ne irin na da, mai nauyi, da kariyar ƙarfe ta ɗora kaya a baya wadda wani maƙeri a Zurmi ya ƙara wa sanduna. Da keken nan ya ci, da shi ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata. Yakan je Kaura Namoda ko Kasuwar Daji ya ɗoro gishiri da kananzir da sabulu da ashana, ya shiga da su rugage da tungayen da ko a-kori-kura ba ta san da zamansu ba, ya fito da man shanu da ƙwan zabi. Wata Alhamis ɗin har Shinkafi yake kaiwa, ya kwana Jangeru wurin wani abokinsa, ya dawo ta bayan duwatsu. Matan rugage ba sa cewa za su sayi abu, cewa suke yi sai Tambari ya zo.

Hanyoyin nan kuwa ba tsayawa suke yi wuri ɗaya ba. Inda ka bi da rani, damina ta zo ta yanke shi, ta haƙa rami a inda da turba take. Tambari ne yake fara bi bayan ruwan farko, ya dawo ya zauna a wurina ya gaya wa sauran masu keke inda ya zabtare da inda ya cika da yashi. In ya ce a zagaya, zagayawa ake yi. Wanda ya ƙi ji, da yamma zan gan shi ɗauke da keke a kafaɗa.

Yana da yadda yake bi da tudu. In hawa mai tsawo ne, ba ya taurin kai irin na samari. Tun daga gindi yake sauka, ya sa kafaɗa a jikin kaya ya tura, yana 'yar waƙarsa ta Fillanci a ƙasan maƙoshi. In ya kai ƙoli sai ya tsaya ya taɓa ɗaurin kaya, ya buga ƙararrawa don awaki su ji, ya yi bisimilla ya saki. Birki kuwa bai yarda da shi ba. Diddigen hagu yake dannawa a tayar baya, shi ya sa takalminsa kullum ƙafa ɗaya ce ke cinyewa. Na yi masa faɗa har na gaji. Na ce Tambari, wata rana za a kawo mini kai da keken gaba ɗaya, in rasa wanda zan fara yi wa faci. Sai ya yi murmushi ya ce birkin da nake sa masa na roba ne, nasa kuwa Allah ne ya yi shi. Bai taɓa faɗuwa da kaya ba, wannan kam sai in faɗa.

Fillancin nan ba a kasuwa ya tsince shi ba. Uwarsa ta rasu kafin a yi sunansa. Ubansa, manomi a Tungar Audu, ya rasa yadda zai yi da jariri, sai ya naɗe shi a zane ya haye duwatsu zuwa wata ruga inda wata Bafillatana, Inna Sa'ida, ta haihu ba da daɗewa ba. Ta karɓe shi ba ta tambayi komai ba. Nono ɗaya na ɗiyarta Zulai, ɗaya na Tambari, har aka yaye su tare. A rugar ya yi rarrafe, a nan ya fara bin maruƙa, sai da ya isa riƙon fartanya ubansa ya je ya ɗauko shi yana kuka. Zulai ta girme shi da 'yan watanni, don haka Adda yake kiranta, kuma har gemunsa ya yi fari, in tana magana sunkuyar da kai yake yi. Tsofaffin garinmu duk sun san wannan. Sai dai tsofaffin sun yi ta mutuwa, na baya kuma ba su tambaya ba.

Da aka ba mu jiha, aka ce Gusau ce hedikwata, mun yi murna har da kiɗa. An ce hanya za ta zo, an ce asibiti zai zo. Tambari ya ce ranar da kwalta ta shiga ruga shi zai koma kiwon kaji. Kwalta ba ta zo ba, kaji suka huta. Bayan 'yan shekaru aka ƙaddamar da shari'a, kuma kada wani ya juya mini magana: ni da ƙafata na je Gusau ranar, a tsaye a bayan mota, na yi kabbara har muryata ta dishe. Ba ni da faɗa da shari'a. Shari'ar ce ma ta ce wadda kuka sha nono ɗaya 'yar'uwarka ce, daidai da wadda kuka fito ciki ɗaya. Faɗana da 'yan zaman kashe wando ne, da suka same ta suka mayar da ita abin ɗebe kewa.

A shekarar ne tari ya kama Zulai. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun yi kudu da shanu da iyalansu da jakunan gidan, sai shekara-shekara ake jin labarinsu. Ta sha sassaƙe ta sha saiwa, tarin bai san ana yi ba. Da ta fara ramewa, Tambari ya ɗauke ta ya kai ta asibiti a Zurmi. Aka gwada aka ce tarin fuka ne. Malamin asibitin ya yi musu bayani dalla-dalla: ciwon yana warkewa, amma maganinsa na watanni ne, kowane mako sai ta zo da kanta an duba ta an ba ta na gaba, in kuwa ta yanke a tsakiya, ciwon zai dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Mota ba ta zuwa rugar. Ke nan in ba keken Tambari, ba magani.

Sai ya ware mata rana guda a kowane mako. Ya sauke kaya, ya naɗa tsohon bargo a kariya, ya je da sassafe ya ɗauko ta. A karkace take zama, ƙafafu gefe ɗaya, ta riƙe ƙarfen ƙarƙashin sirdi, ko rigarsa ba ta taɓawa. In sun zo hawa ba ya barin ta sauka, turawa yake yi da ita a kai. Hanyar dole ta ratsa Tungar Audu, don haka sukan tsaya wurina in ƙara musu iska. Da farko ko gaisuwa da kyar take amsawa. Da magani ya fara kama ta, sai ga ta tana tsokanata, wai Kaɗo mai baƙin hannu, ko ranar Salla hannun nan yana ganin ruwa? Ni kuma in ce iskata ba ta banza ba ce, a kawo mini kindirmo. Kumatunta suka fara dawowa, kowa ya gani.

To, sai Muhtari. Ɗan garinmu ne, saurayi ƙato, lafiyayye. An kai shi ɗinki ya gudo, an ba shi gona ya ce bayansa na ciwo. Da rediyo ta faɗi cewa an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, sai ga shi ya sami aiki. Ba wanda ya naɗa shi, ba hakimi, ba alƙali, ba kowa. Shi da abokansa suka jawo benci suka ajiye a mararraba, daidai gabana, suka ɗaura igiya da jan tsumma a tsakiya, ya samo usur ya rataya a wuya. Abin da ya dame su shi ne babur ba ya bi ta garinmu sai jefi-jefi. Sai su wuni suna hamma suna ɓarar gyaɗa, usur ko sau ɗaya ba a busa ba.

Ranar kasuwar garin ce, da hantsi, mararraba cike da mutane. Tambari ya gangaro da Zulai a baya, ya buga ƙararrawa yadda ya saba. Muhtari ya ja igiya ya busa usur. Tambari ya sa diddige ya tsaya, yana tsammanin saƙo za a ba shi.

"Baba, sauke ta," in ji Muhtari.

Tambari ya gaya masa a hankali cewa addarsa ce, asibiti za su, kuma shi ba haya yake yi ba. Muhtari ya dubi Tambari, ya dubi Zulai, ya dubi abokansa, suka kwashe da dariya. Wai yaushe Bahaushe baƙi wuluk ya zama ƙanin Bafillatana? Tambari ya ce nono ɗaya suka sha. Sai ɗan banzan ya ce to a kawo shaidar da ya ga ana shan. Ka ji fa. Abin da aka yi tun ubansa yana yawo ba wando, shi ne yake neman shaida a kai, a tsakiyar kasuwa.

Da ya tsaya nan, da da sauƙi. Tambari zai shanye, ya saba shanye abin da ya fi haka. Amma sai Muhtari ya zagaya bayan keken ya tsaya a gaban Zulai, ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce ta faɗa da bakinta mene ne tsakaninta da wannan mutum, ina mijinta, kuma ya san tana yawo a bayan wani? Matar da ba ta daɗe da fita takaba ba. Matar da ba ta taɓa cin ko ƙosai a gaban mutane ba, wadda sunan ɗanta na fari bai taɓa fita daga bakinta ba saboda kunya. Masu sayar da nono 'yan rugarsu suna zaune a gefe da ƙorensu, dangin mijinta suna cikin kasuwar. Duk suka ji.

Ta zame daga kariya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta kama hanyar da suka fito. Ni kuwa ban san lokacin da na miƙe da sufana a hannu ba, sai ji na yi an rirriƙe ni. Abin da na gaya wa Muhtari ranar, har da kakanninsa, ba zan maimaita ba, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Tambari bai kalli kowa ba. Ya juya kekensa ya bi ta yana turawa.

Bayan azahar liman ya aika aka kira Muhtari. Ya gaya masa maganar shayarwa gaskiya ce, shi kansa daga bakin mahaifiyarsa ya ji, kuma ko ba haka ba, wa ya ce masa keken dattijo da mara lafiya kabu-kabu ne? Ka san abin da Muhtarin ya ce? Ya ce to ai yanzu an gane, gobe su wuce, ba mai tare su. Shi ke nan. Ba ban haƙuri, ba zuwa ruga, ba komai. Mutanen gari ma suka ce magana ta wuce, yaro ne, kishin addini ne ya ɗebe shi. Kishin addini wai. Mutumin da sai an tashe shi da ƙafa yake sallar asuba.

Magana ba ta wuce ba. Mako ya zagayo, Tambari ya je da bargonsa a kariya, Zulai ta fito ta gaishe shi, ta ce ya bar keken ya huta. Ya gaya mata abin da liman ya ce. Ta ce ta gode wa liman. Ya ce ba mai sake tare su.

"Idon da ya ga an sauke ni ba zai sake ganina a bisa ba," ta ce masa. "Garin ga kuma na gama shigarsa."

Wanda bai zauna da mutanen ruga ba zai ce taurin kai ne. Ni ma na faɗa. Amma a wurinta, an riga an yi mata tambayar da ake yi wa karuwa, a gaban dangin miji, kuma in ta sake hawa keken nan kowa zai tuna tambayar. Tambari ya fi ni sanin haka, a cikinsu ya tashi. Bai yi mata gardama ba.

Akwai wata hanya ta makiyaya da ke zagaye garin ta kan duwatsu, wadda ta kusa ninka ta kullum. Ya ce to su bi can, ba idon kowa sai na birai, ta hau. Ta ce za ta bi, amma da ƙafarta. Ya aro jaki, suka isa Zurmi an riga an rufe wurin ba da magani, sai da suka kwana gidan mutane, mai jakin kuma ya ce yana son abinsa, lokacin kai taki gona ne. Sai aka koma ƙafa. Da asuba suke fita, ita a gaba da sanda, shi a baya yana tura keke ba komai a kai sai gorar ruwa. Na tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa da keken tunda ba hawa za ta yi ba. Ya ce ko za ta gaji ta sake shawara. Daga gindin tsamiyata ana hango ƙolin dutsen da suke bi. Sau da yawa na ɗaga kai na gan su can, ta yi taku kaɗan ta tsaya ta dafa gwiwa tana tari, shi ya tsaya riƙe da keke yana jira. Wallahi in na gani sai aikin ya fita raina, in jefar da famfo in zauna.

Mai tarin fuka da hawan dutse a zafin bazara, ai ka san inda za a ƙare. Ta daure ta je 'yan makonni, sai wani mako ta kasa tashi. Tambari ya je shi kaɗai ya roƙa, aka ba shi, aka ce na gaba sai an ga mai ciwon, kuma ban ga laifinsu ba, ƙa'idar maganin ke nan. Ta ɗan ji dama ta sake gwadawa, suka kai rabin hanya suka juyo. Damina ta faɗi, rafin da ke gaban ruga ya kawo. Tarin ya dawo, wannan karon da jini. Tambari ya bar fatauci gaba ɗaya ya koma rugar da zama.

Muhtari fa? Tun kafin ruwan farko wani kawunsa ya saya masa babur, ya tattara ya koma Kaura yana kabu-kabu. Abokansa suka watse, mai shayi ya ɗauke bencin, igiyar kuwa na gan ta a wuyan akuyar uwarsa. Duka-duka abin bai kai masa rani ɗaya ba. In ka tambaye shi yau, da kyar zai tuna.

Na je rugar sau ɗaya, don na ce Tambari kunyarta yake ji, ni ba na ji. Na same ta kwance a bukka, ta koma kamar kara. Na ce Adda Zulai, bencin nan babu shi, yaron ya bar gari, kowa ya manta, ki rufa mana asiri ki hau keken nan. Na ce ranki ne fa, a kan maganar wawa za ki ba da shi? Har murya na ɗaga, Allah ya sani, don a lokacin ita ma haushinta nake ji. Ta bari na gama, ta yi 'yar dariya, tarin ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce mu Haɓe mun iya mantuwa, Allah ya ba mu. Ta sa aka dama mini fura. Na sha ina huci.

Wata safiya cikin marka, gari ya yi luf bayan ruwa, na gama ɗaura kacar keken wani malamin makaranta ke nan, na ji ƙararrawa daga gangare. Na ɗaga kai. Tambari ne, ta hanyar gari, da Zulai a kariya. Daga baya ya gaya mini da gari ya waye ta kira shi ta ce ya kai ta, kuma rafin ya ɗan janye. Ba ta da ƙarfin riƙe komai, sai matan rugar suka ɗora ta, suka jingina ta da bayansa, suka ɗaure su tare da zane da rawaninsa, kamar goyo. Mayafi ya rufe kanta, fuskarta a tsakanin kafaɗunsa.

Bai tsaya wurina ba. Ya ratsa mararraba yana taka feda, idonsa a hanya. Ba wanda ya tare shi, mai shayi yana ta firfita wutarsa. Muhtari ma yana gari ranar, ya zo ganin gida, yana wanke babur ɗinsa a bakin rijiya. Ya ɗago hannu duk kumfar sabulu ya ce, "Baba, sannu da hanya." Da kunnena na ji.

Na bar kayan aikina a watse, na haye keken malamin ko izini ban nema ba, na bi su. Na fi Tambari ƙuruciya, ba kaya a bayana, amma ban kama shi ba. Hawan da ya saba sauka ya tura, ranar a kan feda ya haye shi, don ba halin sauka da mutum ɗaure a baya. Ina hango shi yana karkata hagu da dama, laka na tashi, har ya ɓace a ƙoli. Sai a ƙofar asibiti na cim masa, ƙafafunsa a ƙasa, keke tsakanin cinyoyinsa, yana jiran wanda zai kwance su.

Ni da malamin asibitin muka kwance zanen. Da na tallafe ta na ji jikin, na san abin da ake ciki. Malamin ya taɓa wuyanta, ya buɗe idonta, ya dubi Tambari yana neman ta inda zai fara. Tambari ya ce ya bari, ya sani.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun da muka ƙetare rafi. Tarin ya tsaya, jikinta ya sake."

Rafin nan, daga bakinsa ana hango bukkokin rugar. Tun kafin garinmu ke nan, tun kafin tuddan nan duka. Na ce Tambari, to me ya sa ba ka juya ba?

"Ta ce in kai ta," ya ce.

Ya sauka daga keken, ya danna tayar baya da babban yatsa. Ya ce in samo famfo in ƙara iska, sai mun mayar da Adda gida kafin la'asar.